Haɓar da Baba Ya Sani

Ranar Asabar

Zuwa ga Zomo,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya, ke da manyan baƙinku na otal. Mu nan ƙalau muke, in ban da bayana da zaman keken ɗinki ya gama da shi, da ƙaramar 'yata da ke fama da haƙora. Maigidan yana gaishe ki, ko da yake bai ce ba.

Maganar Baba ce ta sa na ɗauki biro. Jikin ya ƙara sauka. Sukarin da ya cinye idanun ya gangara ƙafafu, kunnen hagun nan da muke masa ihu a ciki ma ya soma toshewa. Yanzu murya duk ɗaya ce a wurinsa, tawa da ta maigidan da ta rediyo. Kada ki ce za ki kira waya, jiya na kara masa ita a kunne ya ce in kore masa ƙudan nan. Takarda yake so, ya riƙe a hannu, ni kuma in buɗe maƙogwaro in karanta har maƙwabta su sha labari.

Kan ma ya fara rikicewa, wani lokacin sai ya ce in duba ko ya kulle shago. Hannun ne kawai bai tsufa ba. Shekara arba'in yana gyaran agogo, har yau duk wanda ya shigo sai ya laluba fuskarsa ya faɗi ko wane ne, bai taɓa kuskure ba. Ni ba ya ɓata lokacinsa a kaina, da ya ji an girgiza gado ya san mai magani ce. Amma kullum sai ya ɗaga tafin hannu ya ce, "Ina tawa? Ina mai haɓata?" Ke ke nan, da kika kwaso masa haɓar nan da ta ji tsoron duniya ta koma ciki.

Likita ya ce kada mu yi lissafi da watanni. Ki nemi hutu ki zo ki ɗora masa abarsa a hannu, ko na samu in huta da tambaya.

Yayarki

Ranar Alhamis

Yaya,

Ina gaishe ki da ɗawainiya, Allah ya biya ki. Ki gaida maigidan, ki shafa mini kan yara. Wasiƙarki ta same ni a kwance, na karanta ta sau uku, na yi kuka iya yadda zan iya.

Yaya, ba zan iya zuwa yanzu ba. An yi mini ɗan aiki a asibiti ranar Litinin, ƙarami ne, a ranar ma aka sallame ni. Ba abin tsoro ba ne. Amma an ce in kiyaye har sati shida, kuma a yadda nake ɗin nan ba zan iya zaman mota na yini guda ba. Da na san jikin Baba ya kai haka da na ɗaga ranar. Wata biyu ban ji daga gare ki ba, na ɗauka shiru alamar lafiya ce.

Na sa wata takarda daban, ta Baba ce, gaisuwa ce kawai da addu'a. Ita za ki karanta masa. Wannan taki ce ke kaɗai, don Allah kada ki faɗa masa maganar asibiti.

Kuma Yaya, shekarata talatin da ɗaya. Ki daina rubuta sunan nan na Zomo a bayan ambulan, a teburin aiki ake miƙo mini wasiƙa, a gaban mutane.

Ƙanwarki, Auta

Ranar Talata

Zomo,

Muna lafiya, haƙoran sun fito, bayan yana nan yadda yake. Da fatan jikin da sauƙi, in har akwai ciwon.

Takardu biyu kika aiko, biyu na karanta masa. Ni ba sakatariyarki ba ce da zan zauna ina tace abin da uba zai ji game da 'yarsa. Tun da ya ji kalmar asibiti ya rufe baki, kwana biyu ko ruwa sai da faɗa. Yana ta jan carbi yana cewa a ɗauke shi a bar masa ke. To kin ji abin da kika jawo.

Wane irin aiki ne wannan da ba shi da suna? Ni ma mace ce, na haihu uku, na san ayyukan da ake yi wa budurwa a sallame ta a ranar, a ce ta kwanta kada kowa ya ji. In abin da nake zato ne, ki faɗa mini in san irin ƙaryar da zan tanadar wa dangi. In kuma ciwo ne na Allah da Annabi, me ya hana ki faɗi sunansa? Na kira ki sau biyar ba ki ɗauka ba. Mai gaskiya ba ya gudun waya.

Yayarki

Ranar Lahadi

Yaya,

Ina gaishe ku duka. Jiki da sauƙi. Allah ya yafe miki zaton da kika yi mini, ni kam ban iya ba tukuna.

Tunda sai kin ji, to ga shi. Haɓata aka gyara. Likita ya tsaga ta cikin baki, can ƙasan leɓe, ya zura wani ɗan abu mai kama da roba, ya kwantar da shi a kan ƙashi, ya ɗinke. Minti hamsin aka yi, na duba agogon bango da zan shiga, na duba da na farfaɗo. Babu tabo a waje ko ɗigo.

Ban ɗauki wayarki ba ne don ba na iya magana. Kwana biyar na yi da ɗauri daga haɓa zuwa tsakiyar kai. Leɓen ƙasa ya yi nauyi, in na sha ruwa sai na ga rigata ta jiƙe kafin in san ya zubo. Abinci sai mai ruwa, da ƙaramin cokali, sannan in kurkure baki da magani bayan kowace loma. A rigingine nake kwana kan filo uku, ba dama in juya. Rana ta uku na duba madubi na ga fuskar ta kumbura har wuya, shuɗi-shuɗi, na zauna a ƙasan banɗaki ina kuka ba tare da na iya buɗe baki ba. Yau kwana goma sha uku, zaren ya fara narkewa, na koma aiki da takunkumin fuska. An ce kumburin zai sauka a sati shida, ainihin siffar kuma sai bayan wata uku. Doka ɗaya likita ya maimaita mini sau uku: kada in bari komai ya danna wurin kafin sati shidan, don abin bai kama ba tukuna, yana iya gocewa.

Za ki ce me ya kai ni. Shekara bakwai ina otal ɗin nan, harshe uku nake ji, amma duk wadda aka ɗauka bayana ita ake sa wa a teburin gaba, ni a bar ni a ɗakin waya inda ba mai ganina. Wannan ma ba shi ne ba. Ina 'yar shekara shida kika juya ni gefe a gaban ƙawayenki, kika ba ni ganye kika ce in ci su ga zomo. Tun ranar ban sake yarda an ɗauke ni hoto ta gefe ba. Ke kin ɗauko Mama, ba ki san yadda ake shiga ɗaki da lissafin inda za a zauna ba.

Ki ce wa Baba na warke. Ki ba shi haƙuri, saura sati huɗu.

Auta

Ranar Juma'a

Ranki ya daɗe, mai sabuwar haɓa,

Muna lafiya. Na gode da wasiƙarki, rabona da dariya irin wannan tun kafin Mama ta rasu. Sai da na tsayar da keke, mai kawo ɗinki ta ɗauka aljanu ne suka taɓa ni.

Ashe uba yana nan yana roƙon Allah ya karɓi ransa a madadin naki, ke kina can kan filo uku kina renon roba. Ni nake juya shi, ni nake wanke shi, ni nake kankare ƙafar da ta fara wari, ban taɓa samun minti hamsin na kaina ba, balle sati shida. Kuma laifin nawa ne, saboda ganyen shekara ashirin da biyar da suka wuce. Sannu, Allah ya ba ki haƙuri. Kowa a gidan nan an yi masa suna, ni Doguwar Banza ake ce mini, ban je an rage mini ƙafa ba.

Na faɗa masa kin warke, ya ci abinci. Maganar haɓar ce ban faɗa ba, don ban san da wane baki zan yi ihunta a kunnen mutumin da ya ba ki ita ba. Kin tuna da 'yan makaranta suka sa ki kuka, ya ɗora ki a kan teburin shago ya ce duk duniya ku biyu kawai Allah ya yi wa wannan hatimin? Ni ina bakin ƙofa ranar, da jakarki da tawa.

Sati huɗu babu su. Shekaranjiya ya suma a hannuna. In kina son ki same shi ki taho a satin nan, da kumburinki da komai. Kayan aro dai ba ya rufe katara, amma zo mu gani.

Yayarki

Ranar Litinin

Yaya,

Na iso lafiya, ban san ko kin damu ki sani ba. Ina gaida yara.

Zan rubuta abin da ya faru ko da yake kina tsaye a wurin, don na san yadda za ki ba da labarin. Tun a tsakar gida na roƙe ki, na riƙe hannunki, na ce ki fara shiga ki shirya shi, ki ce masa Auta ce amma ta ji ciwo a fuska. Kika ce to. Muka shiga, kika sunkuya a kunnensa kika ce, "Baba, ka yi baƙuwa!"

Na durƙusa a gaban gadon. Ya ɗaga hannu, ni kuma na cafke wuyan hannun. Wallahi ban yi niyya ba. Kwana ashirin da huɗu ina kare wurin nan daga filo, daga ƙofar mota, daga hannuna ma, jikin ne ya yi da kansa. Ya ce, "Wa ya riƙe ni?" Ban taɓa jin kunya irin ta lokacin ba. Na sake shi, na ɗora masa haɓar a tafin hannu da kaina, na ce in za ta goce ta goce.

Na ga babban yatsansa yana bin gefen, ya je ya dawo, ya je ya dawo, kamar yadda yake neman bakin murfin agogo. Gani kawai nake yi, Yaya, fatar wurin a mace take, ban ji yatsun ubana ba ko kaɗan. Sai ya janye hannun ya goge a zanin gado, ya ce, "Sannu da zuwa, baiwar Allah. A ba ta ruwa."

Na yi ihu na ce, "Baba, ni ce! Auta ce!" Leɓen ya ƙi bin maganar, ni kaina na ji ba muryata ba ce. Ya juya wajenki ya ce, "Wannan an buɗe ta an sa mata abin da ba nata ba. Tawa ba haka take ba." Kalma ɗaya daga bakinki ta isa. Kika tsaya kina ninke tawul.

Kwana uku ina kai hannunsa goshina, kunnena, hancina. Duk inda na ɗora shi sai ya gangaro haɓar, ya tsaya, ya janye. Na faɗa masa sunan kyanwar shago, ya ce kowa ya san wannan. Rana ta uku ya fara rawar jiki yana cewa a fitar masa da matar nan, me take nema a wurinsa. Sai a lokacin kika buɗe baki, kika ce gara in tafi kada in ƙarasa shi. Ina ɗaura takalmi a bakin ƙofa na ji yana tambayarki yaushe Auta za ta zo.

Na tsane ki ranar, kuma har yanzu ban huce ba. Gobe zan koma wurin likita.

Auta

Ranar Asabar

Auta,

Kin ga na bar sunan, tunda kin sayar da dalilinsa. Muna lafiya. An kwantar da Baba a asibiti tun Laraba saboda ƙafar.

Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ni na kai ki wurin likita? Ni na riƙe hannun tsoho? Garin gyaran gira kin rasa ido, sannan ki ce ni na tsone shi. Bayan tafiyarki na faɗa masa sau biyu cewa ke ce, ya ce in ji tsoron Allah, ya san abin da ya haifa. Ban yi na uku ba. Mutumin da bai taɓa laluba tawa fuskar ba, ba zan tsage maƙogwarona a kan taki ba.

Ki yi abin da kika ga dama da fuskarki, kin saba.

Yayarki

Ranar Alhamis

Yaya,

Ina gaishe ki, ya mai jiki? Na kira sau da yawa, yanzu ke ce ba kya ɗauka. Ba komai.

Likita ya yi mini faɗa kamar zai dake ni. Ya ce aikin ya yi kyau, kumburin yana sauka yadda ake so, in ƙara haƙuri zan gode masa. Ya nuna mini hotona ta gefe, na da da na yanzu. Yaya, ya yi kyau. Ba zan yi miki ƙarya ba, na daɗe ina kallon matar, ita ce wadda nake nema tun ina ƙarama. A wurin aiki ma an ce in fara zama a teburin gaba daga wata mai kamawa.

Na ce ya cire. Ya ce cirewa ba ta kai rabin awa ba, amma sai an sake tsaga wurin da bai gama warkewa ba, zan sake kumbura, kuma bai yi alkawarin za ta koma daidai yadda take ba, fatar tana iya saki. Na ce ƙashin dai nawa ne, shi Baba zai nema. Ya sa na sa hannu a takarda cewa ni na nace. An ba ni Alhamis mai zuwa, ƙarfe tara na safe. Kwana biyar bayan nan, da an kwance ɗaurin, zan hau mota.

Abu ɗaya nake roƙo, ba don ni ba. Ki ce masa Auta tana hanya. Kullum ki faɗa masa, ko ya riƙe.

Ƙanwarki

Ranar Juma'a

Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan an yi aikin lafiya. Yara ƙalau. Ni ma ƙalau, jiya na yi barci har rana ta fito, karo na farko a shekara huɗu.

Baba ya rasu ranar Laraba da hantsi, an kai shi kafin la'asar. Allah ya jiƙansa.

Wasiƙarki ta zo tun Litinin, saboda haka na san ranar aikinki da lokacinsa. Laraba da yamma na ɗauki waya, na nemo lambarki, na daɗe ina kallonta, sai na ajiye. Maigidan ya tambaya ko na sanar da ke, na ce e. Jiya ƙarfe tara ina zaune cikin masu gaisuwa na duba agogo. Ba zan ce miki mantuwa ce ba, ba kuma zan ce na san dalili ba. Wataƙila so nake ke ma ki yi masa wani abu a banza, ki ji yadda yake.

Ga abin da ya kamata ki sani. Tun Litinin ya daina gane komai, hannun nan kawai ke ɗage a sama. In na sauke shi sai ya koma. Ma'aikatan jinya suka ce mutumin nan akwai abin da yake jira, shi ya sa ya ƙi tafiya. A ɗakin akwai wata mai goge ƙasa, 'yar siririya, ban san sunanta ba. Ranar Talata ta sunkuya tana matse tsumma a bokiti, na gan ta ta gefe, haɓarta sak irin ta Baba. Na ja ta waje na yi mata bayani. Ta ce ita tana tsoron Allah, na ce lada za ta samu. Ta wanke hannu, ta cire rigar aiki, ta durƙusa a inda kika durƙusa. Na sunkuya a kunnensa na ce, "Baba, ga Auta ta zo!"

Ya daɗe yana shafawa. Yatsun sun riga sun yi sanyi, ban sani ba ko ya yarda ne, ko gajiya ya yi. Sai na ga bakinsa ya saki, ya ce, "Tawa. Kin daɗe." Ya ce ya yafe miki duniya da lahira. Ya sa miki albarka sau uku, ya ce Allah ya ba ki wanda zai riƙe ki kamar yadda ya riƙe ki. Matar tana hawaye tana cewa amin. Daga nan ya sauke hannun da kansa, bai sake ɗaga shi ba. Ni ina tsaye a kansa har ƙarshe, bai ce mini komai ba.

Ta zo gaisuwa jiya, ta zauna a bakin ƙofa, na ba ta tsohon agogon hannunsa. Na ga ita ta fi cancanta.

Ba sai kin hau mota da ɗauri ba. Wannan karon ki bi dokar likita yadda ya kamata, ki cika sati shidanki. Babu mai taɓa miki haɓa yanzu.

Yayarki